Magatakardan Gayya

Yau ba za mu buɗe littafin karatu ba, kowa ya aje fensirinsa tukuna. Magana muka zo da ita a kan abin da kowa ya sani tun yana goye, watau gayya. Ga bazara ta kama, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kafin ruwan shuka ya sauka akwai aikin da ya kamata mu gama. Cikin aikin nan kuwa akwai wani yanki wanda ba mai iya yinsa sai ku da kuka zauna ajin nan kuka koyi baƙaƙe da wasula.

Bari mu fara tuna yadda muka tarar iyayenmu suna yi. In mutum ya kwanta ciwo tsakiyar damina, ciyawa ta tasam ma gerona, ba a barinsa ya yi hasarar shekara. Sarkin noma ya sa a gaya wa samari, a sa rana. Ran nan tun da jijjifi ka ji gangar noma tana tashi. Kowa ya saɓa kalmensa, a jera kunya kunya, makaɗi yana bin baya yana wasa wanda ya yi gaba, yana zambo ga wanda ya yi lalaci. Mata su kawo fura da ruwa. Kafin azahar an nome gonar da mai ita zai yi kwana goma bai gama ba. Ba a biyan kowa, sai goro da albarka. Haka ake ɗaukar jinka, haka ake yaɓen masallaci, haka ake sharar maƙabarta da filin idi. Saurayi mai neman aure ya kwaso abokansa su nome gonar surukai. Wanda ya ƙi fitowa gayyar mutane kuwa ba a kai shi gaban alƙali. Ran da tasa ta taso sai ya ga fili fayau.

Garin nan namu ma da irin wannan hannu aka kafa shi. Kun san Gimbana, nan kusa da mu. Can Malam Abdussalami ya zauna da jama'arsa, har Gobirawa suka faɗa musu ƙarshen 1803, abin da ya zama ɗaya daga cikin mafarin jihadin Shehu Usmanu. Abdussalami ya rasu cikin 1818. Ba da daɗewa ba ɗansa Buhari ya zauna nan Jega da mutanen da suka bi shi. Mutane ne da suka rasa gida sau da yawa, suka zo suka sare daji, suka haƙa rijiyoyi, suka kafa kasuwa. Kasuwar ta bunƙasa har ta zama zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da masu kawo gishiri da kanwa da dabbobi. Har yanzu nan hanyoyi ke gamuwa: mai zuwa Sakkwato ya bi ta Aliero da Tambuwal, mai zuwa Yawuri ya bi ta Maiyama da Koko, ga kuma ta Birnin Kabi.

Abin da ya zaunar da su nan, bayan ikon Allah, gulbi ne. Gulbin Zamfara, wanda muke kira Gulbin Gindi, ya taso daga gabas, ya biyo ta ƙasar Gummi, ya ratsa ƙasarmu, ya je ya gamu da Gulbin Kabi, su biyu suka zuba cikin Kwara. Daga gare shi muke samun kifi. A fadamarsa muke noman shinkafa damina da rani, da albasa da tattasai da dankali. Amma wanda ke zaune bakin gulbi ya san maƙwabcinsa yana da halin ba da wa, yana da halin karɓewa.

Ba mu manta da daminar 2020 ba. Cikin watan Agusta da Satumba ruwa ya yi ta sauka, gulabe suka cika suka batse. An ba da labari cewa a Jihar Kabi ruwa ya shanye gonakin shinkafa fiye da hekta 450,000, hekta ɗaya kuwa wajen eka biyu da rabi ce. Gadoji sun karye, gidajen ƙasa sun zube, rumbuna sun jiƙe. Mutane da yawa sun ci bashi sun zuba a gona, shinkafar tana gab da nuna ruwa ya hau kanta. Cikin wannan damina ce kwalekwale ya kife a Tungar Gehuru, nan cikin ƙasar Jega, aka yi hasarar rayuka. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Cikin Agustan 2024 kuma ruwa ya ci gidaje masu yawa a garin Gummi, wanda muke shan gulbi ɗaya da shi.

To, ku tuna wa ya fara zuwa ran da ruwa ya shigo. Sarkawa ne da jiragensu, suna kwasar tsofaffi da yara. Samarin unguwa ne da suka kwana suna cika buhuna da yashi. 'Yan agaji ne na ƙungiyoyin addini, da kakinsu, suna ɗauke da marasa lafiya. Matan da ke kan tudu suka ɗora manyan tukwane, suka buɗe ɗakunansu ga waɗanda ba su taɓa sani ba. Ba wanda ya aike su. Motar hukuma ta zo daga baya, kuma ba laifinta ba ne duka, gama hanya ta yanke, wuraren da ke kuka kuwa sun yi yawa. Wannan ya nuna mana gayya tana nan da ranta a ƙasarmu.

Amma akwai inda muka gaza, kuma gara mu faɗa wa kanmu da bakinmu.

Akwai wani ƙauye, ba za mu ambaci sunansa ba, mun je bayan ruwa ya janye. Ma'aikatan agaji suka iso da takarda, suka ce a gaya musu gida nawa ya faɗi, mutum nawa ke cikin kowane gida, gona nawa ta nutse. Aka yi shiru. Wannan ya ce gida arba'in, wancan ya ce ai sun fi ɗari. Masu baki suka matsa gaba suka ba da sunayensu da na ƙannensu. Wata tsohuwa mai riƙon marayu, wadda ɗakinta ya zube har ƙasa, tana can gidan da aka sauke ta, kunya ta hana ta fitowa cikin maza. Da kaya suka zo, aka kira sunayen da ke takarda. Nata babu. Ba wanda ya ƙi ta, kowa ya san halin da take ciki. Ba a rubuta ta ba ne kurum.

A wannan ƙauye dai aka yi karo-karo don a gyara famfon tuƙa-tuƙa da ruwa ya lalata. Aka danƙa wa wani dattijo kuɗin, mutumin kirki, yana sawa aljihu ɗaya da nasa. Wata uku famfo bai tashi ba. Aka fara gunaguni a majalisa, daga gunaguni sai zargi. Shi ya rantse duk abin da aka ba shi ya kashe wajen makaniki da kayan gyara, har ya ƙara da nasa. Mu dai mun gaskata shi. Amma ba shi da abin nunawa, su ma masu zargin ba su da shi. Dattijon ya daina zama majalisa. Da shekara ta kewayo aka nemi a sake karo-karo don wani aiki, kowa ya noƙe. Famfo ɗaya ya kashe gayyar gari guda.

Wani dattijo zai ce, kakanninmu sun yi gayya shekara ɗaruruwa ba su rubuta kome ba. Gaskiya ne, Baba. Amma suna da littafinsu, shi ne sanƙira. In mutum ya ba da dami biyu, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa, gari duka ya ji, gari duka ya zama shaida. Gari kuwa ƙarami ne, kowa ya san kowa har kakansa. Yanzu dubi Jega. Mutumin Firchin ba ya iya lissafa gidajen Kokani ko na Magaji, balle na Kimba da Alelu. Samarinmu suna ci-rani, wani Legas, wani Abuja, wani Fatakwal. In sun ji an yi ɓarna gida sai su turo gudummawa ta waya. Kuɗin ya shigo wayar mutum ɗaya da tsakar dare, ba sanƙiran da ya gani. In ba a rubuta ba, ina shaida?

Kuma rubutun nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu sun sanar da mu ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, watau ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana da kafa shaidu. Iyayenmu mata ma sun riga mu. Je gidan biki ka gani, akwai yarinya zaune gefen uwar biki da littafi, tana rubuta wadda ta kawo turmin atamfa da wadda ta kawo kuɗi, don ran da nata ya zo a san abin da za a mayar. Uwar adashi ma haka. Abin da mata ke yi wa biki shi muke so a yi wa aikin gari.

Saboda haka muna roƙo kowace unguwa da kowane ƙauye a naɗa magatakardan gayya, daga cikinku ku 'yan ajin nan. Ba a neman mai turanci. Wanda ya iya rubuta suna, ya iya lamba daga 1 zuwa 1,000, ya iya tarawa da ɗebewa, ya isa. In da ajami hannunsa ya fi sauri, ya rubuta da ajami, muddin akwai wani a garin da zai iya karantawa. Kayan aikinsa littafi ɗaya mai kauri, da biro, da leda mai kyau da zai riƙa nannaɗe littafin, a rataye shi sama inda ruwa da gara ba su kai.

Shafin farko na gidaje ne. A bi unguwa gida gida tun yanzu da ƙasa ke bushe, tare da mai unguwa. A rubuta sunan mai gida, da yawan mutanen da ke ci tukunyarsa. A sa alama gaban gidan da ke da tsoho wanda ba ya iya tafiya, ko makaho, ko mace mai tsohon ciki. A sa wata alama gaban gidan da ke cikin kwari, inda ruwa ke fara shiga. Mata su bi mata, gama akwai gidan da namiji ba ya shiga, kuma can ne ake mantuwa da mutane. Ran da ruwa ya zo da dare, mai jirgi ba ya tsayawa tambaya, an riga an san ƙofar da za a fara bugawa. Ran da ma'aikatan agaji suka zo, ko na jiha daga Birnin Kabi ko na tarayya, sai a buɗe littafi a karanta musu. Takardar da aka rubuta tun kafin a san za a raba kaya ta fi wadda aka rubuta ana kallon buhuna gaskiya.

Sa'an nan shafin kuɗi. A raba shi biyu da layi, hannun dama abin da ya shigo, hannun hagu abin da ya fita. Ga misali, ku duba allo:

5 ga Mayu. Wane ya ba da Naira 2,000.
5 ga Mayu. Wance ta ba da gero kwano 2.
6 ga Mayu. Wane, daga Legas, ta waya, Naira 10,000.
7 ga Mayu. An sayi buhu 30 na zuba yashi. Ga rasit.

Kun ga ba wuya. Amma a nan akwai sharaɗi wanda ba mu yarda a karya shi ba: mai rubutu ba ya riƙe kuɗi, mai riƙe kuɗi ba ya rubutu. A sami ma'aji dabam, kuma kada ya zama wa ko ƙane ko suruki ga magatakarda. Ba don muna zargin kowa ba. Don mu tsare mutuncin su biyun ne, kada abin da ya sami dattijon can ya same su. Kowane wata, ranar Jumma'a bayan an sauko, a zauna ƙofar mai unguwa a karanta shafin da ƙarfi, ma'aji ya fito da abin da ya rage a ƙirga gaban jama'a. Wata mace daga ajin mata ta kwafe, ta karanta wa mata a gidan da suke taruwa. Kun ga sanƙira ya dawo ke nan, sai dai yanzu ba ya mantuwa.

Wani abu kuma, kada littafin nan ya zama abin kunyata talaka. Wanda ba shi da ko sisi amma ya zo da sheburinsa ya wuni cikin lambatu, a rubuta: Wane, aikin yini ɗaya. Wanda ya ba da aron amalanke ko baro, a rubuta. Tsohuwar da ta kawo tulun ruwa ga ma'aikata, a rubuta. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa, a yi godiya, a rubuta sunansa layi ɗaya da na mai tulu, da harufa masu girma ɗaya. Amma kada a manna hoton kowa a bangon littafin. Ruwa in ya zo ba ya tambayar jam'iyya.

Ku da za a naɗa, ku sani za a gwada ku. Ran da aka ji ƙishin-ƙishin za a kawo kaya, kawunka zai zo da dare ya ce ka rubuta gidansa biyu, ka sa ɗansa da ke Abuja cikin waɗanda ɗakinsu ya faɗi. Zai ce ai kayan gwamnati ne, ba na kowa ba. Ka ba shi haƙuri, ka ce littafin za a karanta shi ƙofar mai unguwa. Buhun da aka ƙara masa daga bakin wata tsohuwa aka cire shi. Karatun nan na bainar jama'a shi ne garkuwarka, don haka kada ka yarda a daina shi ko da wata ɗaya.

Yanzu aikin da ke gabanmu kafin ruwa. Ku zaga unguwa ku duba magudanan ruwa da kwalbatoci. Yawancinsu sun cushe da leda da yashi da shara tun bara. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Ita ke toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya, ya juyo cikin gidaje, ya jiƙa gindin katanga, da asuba ka ji rugum. Yawancin ɗakunan da ke faɗuwa cikin gari ba gulbi ke kada su ba, ruwan unguwa ne da aka hana shi wucewa. Wannan aikin shebur ne da kwando, ba ya jiran kowa. A sa rana, a buga ganga, a yashe. Abin da aka kwaso kuwa a kai shi nesa, kada a tara shi bakin lambatu ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Mun sha ganin haka, a yi wahalar banza.

Abin da ya fi ƙarfin shebur, kamar kwalbatin da ya karye ko zaizayar da ta kusa cin hanya, shi ne na hukuma. A nan ma rubutu ke aiki. In mutum goma suka tafi sakatariya suka yi ta magana da baki, kafin su kai gida an manta. Takarda kuwa tana shiga fayil. Ga yadda za a rubuta, gajere, ba dogon kirari:

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma, ta hannun Uban Ƙasa. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, mu mutanen unguwa kaza muna sanar da kai kwalbatin da ke wuri kaza ya karye. Gida kaza ke bayansa. Mun yashe lambatu da hannunmu ran kaza ga wata. Muna da yashi da ma'aikata. Siminti da rodi muke roƙo. Haza wassalam.

A sa kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu, a yi kofi biyu, ɗaya ta zauna cikin littafi. In wata ya wuce shiru, a sake rubutawa a ambaci ta farko. Wanda ya zo yana cewa ga abin da muka yi, ga abin da ya rage, an fi saurin dubansa bisa wanda ya zo hannu sake.

Ku mutanen bakin gulbi, na wajen Gindi da Gehuru da sauran tungaye, akwai wani shafi naku. A sami ƙaƙƙarfan itace a kafa bakin ruwa inda ba ya tafiya, ko a zaɓi ƙafar gada. A shata shi da fenti, taƙi taƙi, a sa lamba daga ƙasa zuwa sama. Daga watan Yuli har ƙarshen Satumba, kowace safiya mutum ɗaya ya duba inda ruwa ya kai, a rubuta. A nemi wani amintacce a Gummi ko wani gari da ke sama da mu, mai jirgi ko ɗan kasuwa, a karɓi lambar wayarsa. In ruwa ya tashi can ya bugo. A rubuta ranar da ya bugo, a rubuta ranar da ruwan ya iso nan. In aka yi haka damina biyu ko uku, littafin da kansa zai gaya muku kwana nawa ke tsakani, da kuma lambar da in ruwa ya taɓa ta sai a fara kwashe hatsi da awaki zuwa tudu. Sarkawa sun san gulbi fiye da mu duka, suna karanta launinsa da kumfarsa. A zauna da Sarkin Ruwa a tambaye shi, abin da ya faɗa a rubuta, don jikokinsa da ke makaranta su tarar. A riƙa sauraron rediyo kuma, gama kowace shekara hukumomin duba yanayi da na ruwa suna faɗin wuraren da ake tsoron ambaliya.

Maganar jirgi tana da nauyi, amma sai mun yi ta. Ran 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ya nutse cikin Kwara kusa da Warra, a ƙasar Ngaski ta jihar nan, ɗauke da mutane fiye da kima, mutane masu yawan gaske suka halaka. Abin da ke kifar da jirgi sanannen abu ne: lodi ya wuce ƙa'ida, ko katako ya tsufa yana yoyo, ko tafiyar dare, ko a taso ana ganin hadari. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa. A kowace mashaya masu jirgi su zauna su yanke wa kowane jirgi yawan mutanen da zai ɗauka, a rubuta lambar da fenti a jikinsa, babba, yadda mai shiga zai gani. Kai da ka yi aji, in ka ga an rubuta 12, ka ƙirga ka ga kai ne na 13, ka koma ka zauna ka jira sawu na biyu. Ka faɗa da ƙarfi kuma, don mai jirgi ya ji kunyar ƙara wani. Kuɗin gayya na farko a mashaya, mu a ganinmu, rigunan ruwa ya kamata ya saya, ko guda biyar ne, a fara da yara.

Bayan ruwa ya janye sai ciwo ya biyo, gama ambaliya tana haɗa masai da rijiya. Cikin 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jiharmu ma tana cikin waɗanda abin ya taɓa. Abin da ke kashe mai wannan ciwo ƙarewar ruwan jiki ne, wani lokaci cikin yini ɗaya. Ku rubuta wannan a bangon littafi daga ciki, da manyan harufa. Ruwa mai tsabta lita 1, wanda aka tafasa ya huce. Sukari ƙaramin cokali 6, a shafe, ba mai tozo ba. Gishiri rabin ƙaramin cokali. A dama, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ba fasawa, ana kan hanyar asibiti. In akwai ƙullin gishiri da sukari na asibiti ya fi, a bi abin da aka rubuta jikinsa. Kada gishiri ya yi yawa, yana da lahani, musamman ga yaro. Ga amfanin karatu a fili: wanda ya riƙe da ka yana iya juya shida da rabi, wanda ya duba littafi ba ya juyawa. Rijiyar da ruwa ya hau kanta kuma kada a sha sai an yashe ta an sa mata magani.

'Yan'uwanmu na Aliero da Maiyama za su ce mu ba kullum gulbi ke damunmu ba. To, kowane gari da irin ruwansa. Aliero garin albasa ne, har daga kudu ake zuwa da manyan motoci ana lodi, ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa can cikin 2006, ga masu ɗori da ake kawo musu karaya daga nesa. Inda aka jera rudun albasa da kara da ciyawa, wuta ɗaya ta isa ta cinye wahalar shekara, sai a rubuta masu gadi, kowa da darensa. Maiyama da Andarai da sauran garuruwan da ke kusa da babbar hanya sun san haɗarin mota. A rubuta sunayen masu mota da masu babur da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare, don wanda ya ji rauni ko mace mai naƙuda da haihuwa ta gardama. A rubuta samari masu lafiya da suka yarda su ba da jini in an nema. Mai lafiya in ya ba da leda ɗaya jikinsa yana mayarwa, ma'aikatan asibiti kuma suna auna shi tukuna kafin su ɗiba. Sau da yawa ana rasa mace wajen haihuwa ana can ana yawon neman mai ba da jini, alhali ga samari cike da tasha.

Tun farkon shekarun 1950, da aka kafa Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, lokacin nan ƙasarmu tana cikin Lardin Sakkwato, kakanninmu suka zauna gindin itace kamar yadda kuke zaune. Har jarida aka buga wa lardin, sunanta Zaruma. Abin da ya kai da yawansu aji shi ne su karanta takardar haraji da kansu, su duba sikeli ran sayar da gyaɗa da auduga, su rubuta wasiƙa ba sai wani ya ji asirinsu ba. Ku ma kowa da abin da ya kawo shi, wani don waya, wani don lissafin kasuwa, wata don ta duba littafin ɗanta. Duka daidai ne. Muna ƙara muku wannan ɗaya ne bisa kansu.

Ga abin da za a yi kafin zama mai zuwa. Kowa ya ƙirga kwalbatocin da ke tsakanin gidansa da masallacin unguwarsu, ya rubuta nawa ne, nawa suka toshe. Ya rubuta sunayen masu gida biyar da ke maƙwabtaka da shi, da yawan mutanen kowane gida, bayan ya nemi izninsu ya gaya musu dalili. Wanda harafi ya kakare masa ya bar gurbi, za mu cike tare a allo. Malamin aji zai gana da mai unguwa a sa ranar yashe lambatu, in Allah ya yarda kafin ruwan farko. Mai shebur ya zo da shi, mai kwando ya zo da shi, a gaya wa makaɗi tun yau ya ɗaure gangarsa. Ajin mata kuma su zaɓi mutum biyu da za su shiga gidaje.

To, a ɗauki fensir. Mu fara da rubuta kwanan watan yau a saman shafi, hannun dama.